Yaron Da Ya Karanta Akuya

 Edita ya matsa mini lamba in rubuta wani abu game da abin da na gani a wurin gwajin koyarwa. Da fari na so in zaɓo labarin da zai sa a yabe ni, kamar yadda kowane ɗan Adam ya ke so. Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga cikin mako 12 da na yi a can babu ranar da ta amfane ni kamar ranar da na ji kunya. Saboda haka labarinta zan ba ku, ko Allah ya sa wani ya kauce wa ramin da na faɗa.

An tura ni wata makarantar ƙauye, aka ba ni aji ɗaya, watau sababbin shiga, waɗanda galibinsu ba su wuce shekara 6 ko 7 ba. Su 58 ne cikin rajista, amma littattafan koyon karatu 9 kaɗai na tarar cikin akwati. Littafin ɗan ƙarami ne, kowane shafi da hoto babba a sama, da kalma guda a ƙarƙashinsa. Na kasa yaran kashi kashi, kowane kashi ya kewaye littafi ɗaya, kawuna suna gwaruwa. In na nuna shafi, in faɗi kalmar, su amsa gaba ɗaya har a ji su a bakin rijiya. Ni kuwa sai daɗi ya kama ni, na ce a raina ashe koyarwar da a ke ta tsorata mu da ita ba wani abu ba ce.

Cikin yaran nan akwai wani ɗan siriri, ɗan wani makiyayin awaki, wanda ya fi kowa saurin kamawa. Kafin mako 3 ya cika yana iya buɗe littafin tun daga farko har ƙarshe, yana ɗora yatsa ƙarƙashin kowace kalma, yana faɗinta gaɓa gaɓa yadda na koya musu, ba gargada. Duk baƙon da ya leƙo ajin, shi na ke tayarwa. Har wasiƙa na rubuto wa wani abokina a nan, na ce masa na sami yaron da ya koyi karatu cikin kwana 20. Abokin nan yana nan da rai, na san kuma yana murmushi yanzu.

Ran nan sai ga malamin da ke zagayawa yana duba aikinmu, dattijo ne mai ƙarancin magana. Na tayar da yarona, ya karanta shafi bayan shafi, ni ina tsaye ina hura hanci. Malam ya ce, "Madalla." Sa'an nan ya yagi wata 'yar takarda daga littafin aljihunsa, ya rubuta "jaki" da manyan baƙaƙe, ya buɗe shafin da ke da hoton akuya, ya rufe kalmar da ke ƙasa da 'yar takardar nan, ya ce, "To, yaro, karanta mini wannan." Yaro ya ɗora yatsa ƙarƙashin "jaki", ya ɗaga murya, ya ce, "A-ku-ya!" Ya dube ni yana jiran yabo. Malam ya cire hularsa, ya kife ta bisa hoton wani shafi, ya bar kalmar a fili. Yaro ya duba, ya sake dubawa, ya yi tsit.

Malam bai ce mini kome a gaban yara ba. Sai da aka tashi, muna zaune gindin wata bedi, ya ce, "Malam, kada ranka ya ɓaci. Yaron nan Allah ya ba shi kai, amma tukuna bai fara karatu ba. Akuya ya ke karantawa, baƙin kuwa bai taɓa dubansa ba." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to, ina dabara?" Ya ce, "Kai za ka nemo ta, gama abin da aka aiko ka yi ke nan." Ya hau kekensa ya tafi.

A nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na fari muni. Na ɗora wa hoto laifi duka. Na ce shi ya ruɗe ni, shi ya ruɗi yara, ba kuwa zai sake ba. Na tattara littattafan nan 9 na kulle cikin akwati, na koma ga alli da allon bango. Tun da safe har rana ta take, ba abin da mu ke yi sai ba, be, bi, bo, bu, gobe kuma da, de, di, do, du. Mako 2 muna haka. Yaran da da su ke rige-rigen shigowa aji suka koma gyangyaɗi. Rajista ta fara ramewa, yau babu 5, gobe babu 10. Ran nan na duba wurin zaman yarona, na ga wayam. Kwana 4 bai zo ba.

Da la'asar na tafi gidansu, na tarar da ubansa a zaure yana tufka igiya. Muka gaisa, na ce, "Baba, lafiya ban ga yaron nan ba?" Ya ce, "Lafiya lau, Malam, yana daji da awaki. Da can in ya komo gida ya kan zauna ya ba uwarsa labarin abin da ya gani cikin takarda, har ni ma in kasa kunne. Yanzu kuwa in an tambaye shi me aka yi, sai ya ce ba kome, sai be, be, be. To, Malam, in don wannan ne, ai awakina ma sun iya, gara ya bi su ya koya, ga kuma kiwo ya yi." Ya faɗi haka yana dariya, amma na san ba wasa ya ke yi ba. Na roƙe shi ya ba ni mako 2. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Na ba ka, don ka tako da ƙafarka."

Na kwana ina juyayi. Da hoto yaro bai koyi karatu ba, ba hoto kuma ya gudu. Ranar Asabar na komo nan makaranta, na shiga ɗakin littattafai, na ce lalle ba ni ne farkon wanda wannan abu ya ɗaure wa kai ba, bari in ga yadda na gaba suka yi.

Na tarar tun shekarar 1658 wani malami mutumin Morabiya, cikin ƙasar da a ke kira Cak yanzu, sunansa Komeniyus, ya fid da wani littafi a birnin Nurambag na ƙasar Jamus, ya sa masa suna Orbis Pictus, watau duniya cikin hotuna. Masana da yawa suna lissafa shi farkon littafin hotuna da aka shirya musamman domin yara. Babinsa wajen 150 ne, kowane babi da hoton da aka sassaƙa jikin katako, aka shafa tawada, aka danna bisa takarda. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, bai bar hoto da rubutu kowa ya kama gabansa ba. Kowane abu da ke cikin hoton ya sa masa 'yar lamba, ya kuma sa lambar nan kusa da sunan abin cikin rubutu, domin idon yaro ya riƙa kai da komowa tsakaninsu. A farkon littafin kuma ya jera baƙaƙe, kowane baƙi da hoton wata dabba ko tsuntsu wanda kukansa ya yi kama da sautin baƙin. Hankaka ya ba harafin a, ɗan tunkiya kuwa ya ba harafin b. Da na ga wannan na tuna da maganar uban yarona, na yi ta dariya ni kaɗai har mai tsaron ɗakin ya harare ni. Ashe be, be ɗin ba laifi ba ne, laifina shi ne da na raba shi da tunkiyarsa.

Wannan kuwa ya tuna mini da abin da ke gabanmu tun muna ƙanana, ba mu lura ba. A makarantar allo, sa'ad da yaro ya ke babbaƙu, ba a ce masa ga mim, ga ta, ga ain, a ƙyale shi haka. Sai a ce mim jaye, ta kuri, ambaki, watau an laƙaba wa harafi suna bisa ga kamanninsa, wannan ya ja wutsiya, wannan ya dunƙule, wannan ya buɗe baki. Yaro yana duban allo yana ganin siffa cikin baƙin kansa. In kuwa ya kai sauka, a yi masa zayyana mai launi ja da rawaya da kore, ya ɗauka yana zagaya dangi da ita. Malamanmu na da sun sani sarai ta ido a ke kama zuciyar yaro, sun kuma sani ba a barin idon nan ya bar kan baƙi.

Na ci gaba da bincike, na iske labarin wani mai zane a Ingila, Randolf Kaldikot, wanda daga 1878 zuwa 1885 ya riƙa fid da littattafan yara biyu kowace shekara, suka zama 16, kowane sule guda. Abin da a ke yabonsa da shi, shi ne ba ya maimaita abin da rubutu ya riga ya faɗa. Rubutu ya faɗi rabin labari, hoto ya faɗi sauran rabin, har mai duban ɗaya kaɗai ba zai sami labarin cikakke ba. Saboda girmama shi ne tun 1938 a ke ba da lambar yabo mai sunansa a Amurka ga wanda ya fi gwaninta wajen zanen littafin yara.

A Amurkan nan kuma, cikin 1954, wani marubuci mai suna Jon Hasi ya yi kuka cikin wata mujalla, ya ce littattafan koyon karatu na makarantunsu ba su da armashi, yaran da a ke zanawa ciki tsab tsab su ke, ba sa ɓarna, ba sa ƙiriniya, ba yaron kirki da zai so sanin abin da ya same su. Sai wani mai buga littattafai ya ba wani mai zane, wanda aka fi sani da Dokta Sus, jerin kalmomi masu sauƙi, ya ce ya yi labari da su wanda yaro ba zai iya ajiyewa ba. Cikin 1957 ya fid da labarin wata kyanwa mai doguwar hula da ta hargitsa gida ranar da a ke ruwa, da kalmomi iri 236 kaɗai. Cikin 1960 ya sake yin wani da kalmomi iri 50. Daga nan na gane ƙarancin kalmomi ba shi ne ke kashe littafi ba, rashin labari ne.

Har wa yau na ga ramin da na faɗa manyan ƙasashe ma sun faɗa cikinsa. An daɗe a Ingila a na koya wa yara, in kalma ta gagare su, su dubi hoto su cinka. Cikin 2006 wani rahoto da gwamnatinsu ta sa aka yi ya ba da shawara a bar wannan, a fara da koya wa yaro sautin baƙaƙe bi da bi, da yadda a ke haɗa su. Cikin 2012 kuma suka fara wata 'yar jarrabawa ga yara masu kamar shekara 6. Kalmomi 40 ne, 20 daga ciki ƙagaggu ne, ba su da ma'ana, an sa hoton wani dodo kusa da kowace a ce sunansa ke nan. Yaron da ya saba cinka ba shi da abin kamawa, sai wanda ya san baƙi. Da na karanta wannan na ce, ai 'yar takardar da dattijon malaminmu ya rubuta wa "jaki" ke nan, illa dai su sun kashe kuɗi da yawa kafin su kai gare ta.

To, da na tara abin nan duka, sai na ga hoto yana da aikinsa, baƙi yana da nasa, ɓarna tana zuwa ne in ɗaya ya karɓe aikin ɗaya. Aikin hoto na fari shi ne ya jawo yaro, ya sa masa kwaɗayin sanin abin da ke cikin takarda. Na biyu, ya ba malami da yara abin zance, gama yaron da ya yi ta magana a kan hoto yana tara kalmomi a kansa, ranar da ya gamu da su a rubuce kuwa ba baƙinsa ba ne. Na uku ya shafe mu Hausawa musamman. Rubutunmu na boko yana da sauƙi, kusan kowane harafi da sautinsa guda, amma ba ya nuna jan wasali, ba ya kuma nuna hawa da saukar murya. In an rubuta "kuka", itace ne ko hawaye? In an rubuta "gari", na zama ne ko na tuwo? In an rubuta "wuya", na jiki ne ko wahala? Babba ya kan gane daga sauran zancen, amma ɗan koyo wanda ke da kalma 3 kaɗai a shafi ba shi da sauran zance, hoto ne zai raba masa gardama. Abin da ba shi cikin aikin hoto shi ne ya karanta wa yaro kalma. Littafin da ya sa hoton akuya, ya rubuta "akuya" a ƙasa, ya tsaya nan shafi bayan shafi, ya buɗe wa yaro mai wayo hanyar zamba, ni kuwa da kaina na raka yarona har bakinta.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi wanda ban taɓa zato ba, watau shi kansa hoton sai an koyi dubansa. A makarantar nan akwai wani kwali na littattafan kyauta da aka aiko daga ƙasashen waje. Na nuna wa yara hoton mutum-mutumin da yaran Turai ke ginawa da ƙanƙara, suka ce buhun gari ne aka sa wa hula. Na nuna musu wata saniya wadda gefen shafi ya yanke bayanta, wata yarinya ta tambaye ni wa ya yanka ta, ina kuma sauran naman. Wani mutum da aka zana ƙarami don a nuna yana nesa, suka ce wada ne. Daga baya na karanta cewa cikin 1960 wani mai bincike, Wiliyam Hudson, ya gwada irin wannan a Afirka ta Kudu da hoton maharbi riƙe da mashi, ga barewa kusa, ga giwa an zana ta ƙarama bisa tudu can nesa a tsakaninsu. Da yawa cikin waɗanda ba su saba da littafi ba suka ce giwar ya ke nufi da mashin. Masana na baya sun yi gardama da shi a kan fassarar abin, suka nuna ba idon mutanen ke da aibi ba, zane ne ke da al'adunsa waɗanda sai an saba da su. Saboda haka littafin farko ya kamata ya zo da rumbu, da jaki, da tulu, da abin da yaro ya buɗe ido ya gani, a zana su cikakku ba guntaye ba. Ba na cewa a hana shi ganin jirgin ruwa ko ƙanƙara, gama littafi taga ne, amma sai mutum ya san ɗakinsa kafin ya leƙa waje.

Ranar Litinin na koma ƙauye da niyya guda. Na buɗe akwati na fid da littattafan nan 9, na mai da su na hira, mu duba hoto mu yi ta zance. Koyon sautin baƙaƙe kuma ban bari ba, amma na rage shi, kaɗan kowace safiya, kowane harafi da abin da ya fara da shi a zane gefensa. Sa'an nan na ce za mu yi littafinmu da kanmu. Na roƙi takardar buhun siminti wurin wani magini, muka kakkaɓe, muka yanka, na yi bango da kwali, matar mai gidan da na sauka ta ɗinke mini da basilla. Launi kuwa gawayi ne, da jar ƙasa, da shuni. Na aika wa yarona cewa ina neman wanda ya san akuya sarai ya zana mini ita, don ni in na zana sai ta fito kamar kare. Washegari sai ga shi tun kafin a kaɗa ƙararrawa.

Labarin gajere ne, na wani tsoho da aka cinye wa gero cikin kwando. Ban sa kalmar da ba mu koyi baƙaƙenta ba. Shafi na fari ga tsoho riƙe da sanda, ga kwando wayam, ga jaki da kaza da akuya tsaye kowa ya yi fuskar mumini. Rubutu ya ce, "Wa ya ci gero?" Shafi na biyu ya wanke jaki, na uku ya wanke kaza. Amma shafi na huɗu na ɓoye shi, ni kaɗai na yi shi da dare. Ba hoto a cikinsa ko kaɗan, sai kalma biyu, hoton kuwa na sa shi a bayan shafin, sai an juya a gan shi.

Muka yi kwana 10 muna shiri. Ranar da littafi ya kammala na tara su, muka karanta shafi uku na fari tare, yara suna ta ihu, "Akuya ce! Akuya ce!" Na buɗe shafi na huɗu, na kira yarona. Ya zo da ƙarfinsa, ya ɗora yatsa, ya ce, "A-ku..." sai ya tsaya. Ya ɗaga ido sama inda ya saba samun hoto, bai ga kome ba. Ya komo da ido kan rubutu, ya daɗe yana kallo, aji ya yi tsit, ni kuwa gabana yana faɗuwa. Can ya ce, "Malam, wannan ba a ba ce. Mai ƙugiya ce." Na ce, "To, me ta ke cewa?" Ya motsa leɓe, ya ce, "Ɓe." Ya matsa yatsa, ya ce, "Ra. Ɓe-ra. Ɓera ne!" Yara suka ce ƙarya ne, ina ɓera a nan? Na ce ya juya shafi. Ya juya, sai ga ɓera kwance a gindin kwando, ciki ya yi tulu, da zangarniya a bakinsa. Yaron nan ya dubi hoton, ya komo ya dubi rubutun, ya sake juyawa, sa'an nan ya ce da ƙarfi, "Malam, takarda ta gaya mini tun ban gani ba!"

'Yan'uwa, na sha jin malamanmu suna bayanin mene ne karatu, na kuma rubuta cikin jarrabawa na ci, amma ban san shi ba sai ran nan, daga bakin yaro ɗan shekara 7. Da yamma ya roƙi aron littafin, na ba shi. Uban ya gaya mini daga baya cewa sau 5 aka karanta musu shi a daren nan, har akuyar gidan aka ba ta haƙuri bisa zargin da aka yi mata. Bai sake zancen kiwo da safe ba, sai bayan an tashi makaranta. Ba na ce duk yaran 58 sun iya karatu kafin in taso ba, ƙarya ba ta da amfani. Amma na bar fiye da rabinsu suna haɗa baƙi da wasali, na kuma bar littattafai 4 na takardar siminti cikin akwati.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An yi mana aiki babba a baya. Tun da aka kafa ofishin fassara a Kano cikin 1929, aka mai da shi Zariya, aka yi gasar rubuta labarai cikin 1933, har Malam Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce wanda ya fara fitowa cikin 1937, yaron da ya riga ya iya karatu bai rasa abin da zai karanta da Hausa ba. Daga wajen 2015 kuma an yi waɗansu shirye-shirye a jihohin Katsina, da Zamfara, da Bauci, da Sakkwato, aka buga littattafan koyon karatu da Hausa domin ƙananan azuzuwa. Duk da haka wanda ya shiga ajin ƙauye ya san ƙishirwa ba ta kau ba, musamman ta ƙananan labarai masu daɗi waɗanda ɗan koyo zai iya karantawa shi kaɗai cikin watanninsa na fari. In muka zauna jiran a aiko mana, yaran da ke aji ɗaya bana za su girma kafin kwalin ya iso, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Cikinmu akwai masu zane waɗanda gwanintarsu ba ta wuce zanen malamai a bayan littafin lissafi ba. Akwai masu tatsuniya waɗanda ke hana mu barci a ɗakin kwana. Ina roƙon su haɗa kai, mai zane da mai labari, biyu biyu, kowane ɗayanmu ya bar makarantar nan da littafi ko da guda na hannunsa. A kiyaye abu huɗu kaɗai. A sa labari na gaske wanda yaro zai so jin ƙarshensa. A taƙaita kalmomi ga baƙaƙen da aka riga aka koya. A zana abin da yaro ya sani, babba, a fili. A kuma bar wani asiri wanda ba mai faɗinsa sai rubutu. Ina kuma roƙon malamanmu, in sun yarda, a ware mana kanta guda a ɗakin littattafai inda za a riƙa ajiye su, domin na baya su kwafa su kuma gyara.

Wanda duk za shi gwajin koyarwa baɗi, in ya sami yaron da ya koyi karatu cikin kwana 20, kada ya yi gaggawar rubuto wasiƙa. Ya cire hularsa tukuna, ya kife bisa hoton, ya ji abin da yaron zai ce.

Allah ya saka wa dattijon malamin nan da alheri, ya yi wa yaranmu albarka, ya ba mu haƙurin koya musu. Iyakar abin da ke gare ni ke nan.